Minti nawa kafin saba ta gane an ɗauke wuta? Nazarin matsalar wani kamfanin kayan masarufi a Kano

Saura mako biyu a kama azumi aka kira ni, lokacin da duk mai sayar da sukari a Kano ba ya samun sararin zama. Kamfanin na sari ne: shinkafa, sukari, taliya, man girki. Babban sitonsu yana Bompai, shagunansu huɗu kuma suna Singa, Sabon Gari, 'Yankaba da Dawanau. Kowane shago yana da kwamfuta 3 ta karɓar kuɗi, kuma dukkansu suna magana da rumbun bayanai guda ɗaya, PostgreSQL 14 a kan Ubuntu (wani nau'in tsarin Linux), a wata saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, da ke ofishin sito. Hanyar da ta haɗa su VPN ce, wato keɓantacciyar hanya a cikin intanet, a kan rauta, na'urar intanet mai sim. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don ba shi ne abin dubawa ba.

Alhaji mai kamfanin bai yi dogon bayani ba. "Injiniya," in ji shi, "kwamfutar nan duk Juma'a sai ta yi mana yaji. Sauran ranaku kuma sukari take riƙewa. Motoci na bakin sito, yara sun ce ba za su iya yanka rasit ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ta riƙe, tsawon wane lokaci take ɗauka kafin ta saki?"

Manajan sito ne ya amsa. Ya ce idan ba a kashe sabar an kunna ba, sai ta kwashe awa biyu da ɗoriya, daga nan sai ta warware da kanta kamar ba a yi komai ba. Wannan "awa biyu da ɗoriya" ita ce ta fara ba ni haske, domin lamba ce da duk wanda ya daɗe yana aiki da Linux ya san inda ta fito.

Abin da aka riga aka yi

Kafin zuwana an ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa, an sayi rauta ta biyu da sim na wani layin a shagon Dawanau, ba ta canja zane ba. An koma kashe saba da kunnawa duk lokacin da abin ya tashi, wanda ke tsayar da shaguna huɗu saboda matsalar shago ɗaya. Akwai kuma wanda ya ba da shawarar a ƙara yawan haɗin da sabar ke karɓa daga 100 zuwa 300. Da an yi hakan, da matsalar Juma'a ta ɓuya na wani lokaci, amma ta sukari tana nan daram.

Yaron da ke kula da kwamfutocin kamfanin, matashi ne mai ƙoƙari da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ya ɗauko mini takardar da wanda ya kafa sabar ya bari lokacin da zai tafi. Shafi ɗaya ce. A ƙarƙashin bayanin hanyar sadarwa layi uku kawai aka rubuta: keepalive sifili ne, wato a kashe yake, babu wa'adin komai, iyakar haɗi 100.

"Oga, ni ma na duba," in ji shi. Ya shiga sabar a gabana, ya buɗe psql, manhajar magana da rumbun bayanan, ya rubuta SHOW tcp_keepalives_idle, amsa ta fito 0. Takarda ta ce sifili, na'ura ta ce sifili. Wa zai ga laifinsa?

Sai dai sifilin nan biyu ne daban, kuma babu wanda ke nufin an kashe. Na cikin fayil ɗin saiti yana nufin PostgreSQL ta bar wa Linux zaɓi. Wanda yaron ya gani a allo kuma ya fito ne saboda ya shiga daga cikin sabar kanta, ta soket ɗin Unix, wato ƙofar cikin gida, inda ba a amfani da TCP, tsarin da kwamfutoci ke magana da juna a kan hanyar sadarwa, kwata-kwata, kuma littafin PostgreSQL ya faɗa ƙarara cewa a irin wannan haɗi saitin ba ya aiki, kullum sifili zai nuna. Na ce masa ya sake shiga amma ya ƙara -h 127.0.0.1, don haɗin ya bi ta TCP. Ya sake tambaya. Amsa ta fito 7200.

Sallama tara

Ga yadda abin yake. Idan kwamfuta ta rufe manhaja yadda ya kamata, tana aika wa saba saƙon ban kwana, saba ta rufe nata ɓangaren. Idan aka ɗauke wuta kuwa, babu ban kwana. Saba na zaune tana zaton abokin maganarta ya yi shiru ne kawai, domin a tsarin TCP shiru ba laifi ba ne. Layin haɗi zai iya kwana ba a ce uffan ba kuma yana nan lafiya. Keepalive shi ne sallamar da ake yi a bakin ƙofa idan shirun ya yi yawa. Mu an koya mana sallama sau uku, in ba a amsa ba mutum ya juya. Linux, in ba a taɓa saitinsa ba, sai ya jira sakan 7200 kafin ya yi ta farko, sannan ya yi ta maimaitawa duk bayan sakan 75 har sau 9. A haɗa: 7200 da 675, sakan 7875 ke nan, awa 2 da minti 11 da sakan 15. Ga ɗoriyar manaja.

Awa biyun nan ba sakaci ba ne. Ta samo asali daga RFC 1122, takardar ƙa'idar intanet ta 1989, wadda ta ce tazarar da na'ura za ta zo da ita kada ta gaza awa biyu. Dalilansu a lokacin masu ƙarfi ne: kada a yanke layi mai rai saboda ɗan tsaikon hanya, kada a cika hanya da saƙonnin da ba su ɗauke da komai, kuma akwai hanyoyin da ake biyan kuɗi a kan kowane ƙunshin saƙo. Ba a yi lissafin da shagon da ake ɗauke wa wuta sau da yawa a yini ba.

To ina sukari ya shigo? Manhajar kamfanin, da zarar mai karɓar kuɗi ya zaɓi kaya, sai ta buɗe mu'amala a rumbun bayanai ta kulle bayanan wannan kayan, don kada shago biyu su sayar da buhu ɗaya. Ba ta sakin kullen sai an danna kammalawa. Idan wuta ta tafi a tsakiyar ciniki, kullen yana hannun wanda ba ya nan, kuma duk wanda ya zo sayar da sukari a sauran shaguna sai ya shiga layi a bayansa. Sukari ne ya fi shan wahala don shi aka fi saya a lokacin, ba don wani abu nasa na daban ba. Ranar Talata da abin ya sake faruwa muka duba pg_stat_activity, jerin haɗin da ke kan saba, sai ga shi: wani haɗi daga Dawanau a matsayin idle in transaction, wato ya buɗe mu'amala ya yi shiru, tun minti 50 da suka wuce, pg_blocking_pids kuma ya nuna shida suna jiransa. Muka kira shagon, suka ce tun ɗazu wuta ta tafi, har sun tada janareto sun ci gaba. Muka sallami wannan haɗin shi kaɗai da pg_terminate_backend, layi ya tafi nan take, ba a kashe saba ba.

Ta Juma'a kuma wani abu ne da takardar ba ta ma ambata ba. Tsakanin VPN da saba akwai katangar tsaro (firewall), wadda wanda ya saka ta ya saita ta manta da duk layin da ya yi shiru na minti 30. Wannan ba baƙon abu ba ne. NAT Gateway na Amazon sakan 350 yake bayarwa, mai rarraba lodi na Azure kuma da minti 4 yake zuwa. Shagunan suna rufewa wajen 12:30 a tafi masallaci. Zuwa ƙarfe 1 katanga ta goge layukan daga ƙwaƙwalwarta ba tare da ta sanar da kowa ba. Ƙarfe 2 a dawo, manhaja ta daskare, mai karɓar kuɗi ya rufe ta ya sake buɗewa. Kowace kwamfuta tana buɗe haɗi 5, kwamfutoci 12, haɗi 60 ke nan. Tsofaffin 60 suna nan a saba ba ta san sun mutu ba. Cikin gurabe 100, guda 3 an keɓe wa mai kula, saura 97, wato gurbi 37 ne kacal ya rage. Kwamfuta bakwai za su shiga, ta takwas ta maƙale. Zuwa kusan 2:41 sallama tara ta cika, saba ta share matattun, komai ya daidaita, kowa ya ce ai sabis ne ya dawo.

Kuskurena

Nan zan faɗi nawa laifin, domin shi ya sa na daina ganin baiken wanda ya rubuta tsohuwar takardar.

Rage lokacin sallama yana maganin kwamfutar da ta mutu, amma ba ya maganin mai rai. Akwai lokacin da mai karɓar kuɗi a Sabon Gari zai zaɓi kaya, mai saye ya ce ya tura kuɗi, a zauna jiran alat. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, duk sallamar da saba ta yi za a amsa, domin tsarin kwamfutar ne ke amsawa, ba manhajar ba, balle mutumin da ke zaune. Kulle kuwa yana nan. Abin da ke maganin wannan shi ne idle_in_transaction_session_timeout, wanda ya shigo PostgreSQL a sigar 9.6 a 2016: yana korar duk wanda ya buɗe mu'amala ya yi shiru fiye da wa'adin da aka ba shi.

Ina kan hanya a Titin Zariya na tura wa yaron saƙo ta WhatsApp cewa ya sa shi 300. A raina minti biyar nake nufi. Ya yi daidai abin da na ce, ya sabunta saiti bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta fi cika. Ba a yi minti biyu ba wayata ta fara ƙara. Duk wanda ya zaɓi kaya, kafin ya ɗaga yatsa an kore shi. Wannan saitin, idan ba a rubuta ma'auni ba, da milisakan yake ƙirga, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wato ban ba mai karɓar kuɗi ko sulusin sakan ba.

A fayil guda ɗaya, tcp_keepalives_idle da tcp_keepalives_interval da sakan suke ƙirga, amma tcp_user_timeout da statement_timeout da wancan na mu'amala duk da milisakan. Littafin PostgreSQL ya faɗi wannan a ƙarƙashin kowannensu, ni ne na tsallake shi a saƙona. Muka mayar da shi cikin kimanin minti goma. Da na isa Bompai yaron ya tare ni da fargaba, yana cewa, "Oga, wallahi yadda ka rubuto na sa." Na ce masa na sani, kuma na faɗi hakan a gaban Alhaji, don kada a rataya masa jakar tsaba.

Zaɓen lamba

Abin da ya fi ɗaukar lokaci ba rubuta saitin ba ne, yarda a kan minti nawa ne. Ni da farko na so minti biyu. Manajan sito ya ƙi, kuma shi ke da gaskiya. Ya ce a Singa kwamfutocin suna kan inbata, ba sa mutuwa, rautar ce ke mutuwa idan ana sauyawa zuwa janareto, kuma kafin ta tashi ta kama sabis VPN ta dawo akan yi kusan minti uku. Tunda kowane shago adireshinsa a cikin VPN ba ya canjawa, layin da ya yi haƙuri yakan ci gaba daga inda ya tsaya. Da minti biyu, da mun riƙa yanke cinikin da zai iya rayuwa. Wannan shi ne ainihin abin da masu takardar 1989 suka ji tsoro.

Alhaji ya saurare mu, sannan ya tambayi manaja: direban da ya zo lodi, minti nawa yake jira kafin ya fara faɗa? Manaja ya ce goma ma ba komai. Alhaji ya ce to a yi biyar. Tambayar da mu masu kwamfuta muka yi ta juyawa, mai kasuwa ya yanke ta a numfashi ɗaya, kuma a ganina shi ya dace ya yanke ta, tunda motocinsa ne ke jira.

Muka sa jiran farko sakan 120, tazara sakan 20, sallama 9, jimla sakan 300. Wannan ya kashe matsalar Juma'a ma a hanya, domin layin da ake yi wa sallama duk minti biyu ba zai taɓa yin shirun minti 30 a idon katanga ba.

Akwai ramin da ya rage. Sallama tana aiki ne idan layi shiru yake. Idan saba tana cikin aika amsa aka ɗauke wuta, akwai saƙon da ba a tabbatar da isarsa ba, sai Linux ya bar maganar sallama ya koma sake aikawa, kuma da tcp_retries2 a kan 15 yadda yake zuwa, hakan kan kai kwata na awa ko fiye. Shi ya sa aka kawo tcp_user_timeout a PostgreSQL 12 a 2019. Amma a Linux, idan aka saita shi, shi ke yanke lokacin rufe layi ko da a wajen sallama, ba adadin sallamar ba. Wanda ya sa shi minti ɗaya ya bar sauran a kan biyar, minti biyar ɗinsa a takarda kawai suke. Muka daidaita shi a kan '5min', da ma'auninsa a rubuce. Wa'adin mu'amala muka sa '10min', kuma a kan asusun masu karɓar kuɗi kaɗai ta ALTER ROLE, wanda ba ya kama kowa sai ya fita ya sake shiga.

Biyu muka bari da gangan. Ba mu taɓa idle_session_timeout ba, duk da sigar 14 ta zo da shi, saboda manhajar tana ajiye haɗinta biyar a buɗe kuma ba mu ga alamar ta iya farfaɗowa idan aka rufe mata su ba. Ba mu sa statement_timeout na kowa da kowa ba, don rahoton ƙarshen wata na akawu yakan daɗe.

Sabuwar takarda

Shafi uku ce, da Hausa, sunayen saitin kaɗai muka bari yadda suke. Ba ta fara da jerin lambobi ba. Ta fara da tambayoyin da mutum ke yi lokacin da waya ke ƙara: an ɗauke wuta a shago a tsakiyar ciniki, minti nawa kafin kaya su saku? Amsa, biyar, ga lissafin. Mai karɓar kuɗi ya bar ciniki a buɗe, minti nawa? Goma, kuma wani saiti ne daban. Sannan a ƙarƙashin kowane saiti muka rubuta a wace na'ura yake zaune, me yake aunawa, da wane ma'auni, me sifili ke nufi a wurinsa, da kuma abin da ba ya iya yi. Wannan na ƙarshe shi na fi nacewa a kai. Jimlar da na fi so a takardar duka ita ce: "Sallama tana gano kwamfutar da ta mutu, ba ta gano mutumin da ya tashi daga kujera."

Sifili ma sai da muka ba shi sakin layinsa, domin a wajen wa'adin mu'amala sifili yana nufin a kashe yake da gaske, a wajen sallama kuma yana nufin a bi na Linux. Mai tsohuwar takardar, ina kyautata zato, ma'anar farko ya ɗauka ya shafa wa duka.

Mun saka wa'adin katanga a ciki da ƙa'ida ɗaya: jiran farko na sallama ya kasance ƙasa da shi koyaushe, duk wanda ya canja ɗaya ya duba ɗayan. Mun rubuta cewa saitin saba ba ya canja na kwamfutocin shago, su nasu yana cikin bayanin haɗin manhaja, keepalives_idle da 'yan uwansa. Mun kuma rubuta yadda ake dubawa: a shiga da -h, ko a yi ss -to a saba a ga agogon sallama na kowane layi yana sauka.

Ban rubuta ta ni kaɗai ba. Na ba yaron ya karanta a gabana da ƙarfi, duk inda ya tsaya ya ce "wato kenan..." sai na san wurin bai fito ba, mu gyara. Sau biyu ya kama ni na sake rubuta lamba tsirara ba ma'auni.

Daga nan muka gwada. Bayan an rufe shagon 'Yankaba da magariba, aka buɗe ciniki a kan taliya, aka zare wayar kwamfutar daga bango, muna Bompai da agogo a hannu. Minti biyar da 'yan sakanni haɗin ya ɓace daga pg_stat_activity, taliya ta saku. Muka rubuta yadda aka yi gwajin a shafi na uku, da cewa a maimaita shi duk lokacin da aka sauya katanga ko aka sabunta saba. Juma'ar da ta biyo baya ban ji daga kowa ba.

Abin da bai gyaru ba shi ne manhajar kanta. Bai kamata ta kulle kaya tana jiran mutum ba, kamata ya yi ta riƙe kullen a ɗan lokacin rubuta cinikin kawai. Wanda ya rubuta ta ya yarda da haka, amma ya ce ba zai taɓa ta ana tsakiyar kasuwar azumi ba, sai bayan Salla. Kafin nan, idan alat ya wuce minti goma bai shigo ba, ciniki yana rushewa a sake shigar da shi daga farko, kuma masu karɓar kuɗi na Sabon Gari sun yi ƙorafi har wurin manaja. Shi kuma ya ce musu kada wanda ya ƙara zaɓar kaya a kwamfuta sai ya ga kuɗi sun shigo. Yaron ya ƙara wannan da biro a ƙasan shafi na biyu, ya sa ranar a gefe.